Bashin Ihu da Allurar Bayan Gwiwa

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe iyaka, da daminar nan, kasuwar Maigatari ta rame. Ranar Alhamis sai ka tsaya a bakin kara, wajen cinikin shanu, ka hango ƙarshensa, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata. Dillalai sun fi shanu yawa. To, a cikin 'yan shanun da suka samu shigowa ta daji, Allah Ya ƙaddara wani bijimi ya bar ƙafafun mutane duka, ya zaɓi ta taubashina ya taka, ana cikin kokawar hawar da shi mota.

Taubashin nan nawa ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata. Su Fulani ne na wajen Ɗanzomo. Mahaifina kuwa Bahaushe ne, malami a Gumel, kuma a hannunsa na gaji karatu da rubutun ajami. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana", ni kuma in ce masa "ɗan daji". Ya yi kiwo, ya yi sharo da ƙuruciya, daga baya ya shiga dillancin shanu. Ba shi da wata dukiya ta a zo a gani. Abin da ya mallaka suna ne: daga Maigatari har Sule Tankarkar an san shi a matsayin mutumin da ba a taɓa jin ya ce wayyo ba. Da wannan suna yake raba gardama a kara, da shi ake ba shi wuri a taro.

Ni kuwa ina bin sa bashi, kuma ba na dukiya ba. Muna samari, ina da aure har da ɗan gemu, na faɗo daga amalanken shanu a hanyar Gagarawa, hannuna na hagu ya karye. Aka kai ni wurin mai ɗori. Aka rasa mai ƙarfin da zai danne ni sai taubashina, ya hau ƙirjina ya zauna. Da mai ɗori ya ja hannun, sai na ji bakina ya buɗe da kansa, na kwarma ihu na ce, "Wayyo Inna, za su kashe ni!" Sau ɗaya na faɗa. Amma taubashina ya ɗauki wannan ihu ya adana shi kamar gado. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba zaman makoki da ya kwana biyu, da zai bari a tashi bai kwaikwaye ni ba. Yana maƙe murya, yana karkaɗa ƙafa, yana ƙara abin da ban faɗa ba. 'Ya'yana sun girma suna ji, har jikokina sun iya. Wasan taubasai ba a fushi da shi, sai dai a rama. Ni kuwa da me zan rama? Mutumin da kunama ta harba yana sallah bai sallame ba. Na zauna ina jira shekara da shekaru, ina tuna wa kaina cewa haƙuri ibada ne, ko da yake ban tabbata irin wannan haƙurin malamai suke nufi ba.

Da labari ya iso ni na hau mota na tafi. Na same shi zaune a kan tabarma a rumfar dillalai, an ɗaure ƙafar da rawani, rawanin ya jiƙe da jini, shi kuma yana cin goro.

Na ce, "Sannu, ɗan daji. Ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi. Kai ne dai na ga ka faɗa, bawana. Ko kai aka taka?"

An kira mai ɗori, ɗan wancan da ya ɗora ni. Ya kwance rawanin, ya duba, ya mayar ya ɗaure. Ya ce ƙasusuwan tsakiyar ƙafar sun farfashe, ga rauni a buɗe, wannan ba aikin kara da tsumma ba ne, a kai shi birni. Babban ɗan taubashina yana can tsallaken iyaka da shanu, ba hanyar dawowa. Sai jinya ta faɗo a kaina. Na ce a zuciyata, ikon Allah, yau ga ni zan zauna a gefen gadon da za a yanka shi.

A asibitin birni aka ɗauki hoton ƙafar, aka wanke raunin. Likitan ƙashi ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarafa, gobe da yamma. Da safe sai ga wata likita ta zo, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, ta gaishe mu da ladabi, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce ita ce mai kula da kashe zafi, ta zo ne su yi shawara da Baba a kan hanyar da za a bi. Ban taɓa sanin akwai likitan da aikinsa ke nan ba, kuma ban taɓa sanin ana shawara da mara lafiya ba.

Ta ce, "Baba, ta farko, mu sa ka barci gaba ɗaya, sai dai ka farka ka ga an gama."

Ya ce, "'Yata, wanda aka sa wa barcin nan, in zai farka, yana magana?"

Ta ce, "Wasu suna sambatu. Wani ya yi kuka, wani ya yi ta kiran mahaifiyarsa. Ba sa ma tunawa."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jan carbi.

Ya ce, "A cire wannan."

Ta ce to akwai allurar baya, wadda ake yi wa mata in za a ciro jariri. Tana kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mutum yana farke, amma ba ta daɗewa, kafin dare ya yi nisa ta saki, ciwo ya dawo. Ya ce ya ji ana cewa tana barin mutum da ciwon baya har kabari. Ta ce yawanci zance ne kawai, sai dai wasu kan yi ciwon kai na 'yan kwanaki. Ya matso da bakinsa kunnena ya ce mini da Fillanci shi ƙugunsa bai gama aiki ba tukuna, ba zai ba da shi jingina ba. Na ce wa likita Baba ya ce a ci gaba.

Ta ce akwai wadda ake yi kewaye da idon sawu, allurai ƙanana da yawa, amma ƙafarsa ta kumbura, ga rauni kusa, ba ta so ta bi ta nan. Sai ta taɓa bayan gwiwarta ta ce, "Wadda na fi so maka ita ce nan. Akwai babbar jijiya da ke kai saƙon ƙafa zuwa kai, ta nan take wucewa. In na zuba magani kewaye da ita, na ƙara kaɗan ta gefen ciki, daga nan zuwa yatsu ba za ka ji komai ba. Kana farke za a yi aikin. Kuma bayan an gama za ta riƙe ka kamar yini da kwana."

Ya gyara zama. Ya ce, "Idona biyu?"

"Idonka biyu, Baba."

"Bakina a hannuna?"

Ta yi dariya ta ce, "Bakinka a hannunka."

Ya ce, "Ita za a yi."

Ta ce in yana so za ta bar masa wani siririn tiyo a wurin, maganin ya riƙa shiga a hankali har kwana biyu ko uku, lokacin da ciwon ya fi tsanani, amma sai ya zauna a asibiti. Ya ce a'a, tiyo na wanda ake karanta wa Yasin ne, shi gobe gida zai kwana. Ta yi, ta yi, ya ƙi. Sai ta kira ni waje.

Ta ce, "Malam, kai ne mai jinya, kai zan ba amana. Allurar nan ƙofa take rufe wa ciwo, shi kuwa yana nan tsaye a waje yana taruwa. Da zarar ta saki, gaba ɗaya zai shigo. Ga ƙwayoyi. Tun da safe gobe ya fara sha, tun bai ji komai ba, kada a jira. Ka ɗaga ƙafar a kan matashi, kada ya taka, kada a ajiye wani abu mai zafi kusa da ita, don zai ƙone bai sani ba. Kuma don Allah kada ka tsaya tambayarsa ya jiki."

Na ce, "Saboda me, likita?"

Ta ce, "Malam, kai ma ka san amsar da zai ba ka. Tun da na fara aikin nan ban taɓa tambayar dattijon ƙasar nan ya ce mini babu sauƙi ba. Wanda ke gargarar mutuwa ma da sauƙi yake cewa. Yatsunsa za ka riƙa duba. In ka ga sun fara motsi, ko ya fara kallonsu, ta kusa saki."

Na rubuta abin da ta faɗa da ajami a jikin takardar maganin, na sa a aljihu tare da lambar wayarta.

An bar ni na tsaya lokacin da za a yi allurar. Suka kwantar da shi ta gefe, ta shafa wani abu mai sanyi a bayan gwiwar, ta ɗora kan wata na'ura, hoto ya fito a allo, baƙi da fari kamar hadari.

Ya ce, "Wannan ba ita ce ake duba masu ciki da ita ba?"

Ta ce, "Ita ce, Baba."

Na ce, "Likita, a duba da kyau, mace ce ko namiji?"

Ya ce, "Za ka maimaita, bawana."

Ta nuna mini jijiyar a allon, wani ɗan farin dunƙule kamar saƙar zuma, na ga allura ta doso shi a hankali, na ga maganin ya kewaye shi. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya shimfiɗa waɗannan hanyoyi a jikin ɗan Adam, Ya kuma sanar da wasu bayinSa inda suke. Ba a jima ba ta tsikari babban yatsansa ta ce ya ji? Ya ce me? Ta ce ya motsa ƙafar. Ya dube ta kamar ƙafar maƙwabci, ta ƙi motsi. Suka tura shi ciki.

Na yi la'asar a masallacin asibiti, na roƙa masa lafiya da zuciya ɗaya, wannan kam Allah ne shaida. Gab da magariba suka fito da shi, ƙafa a naɗe fari fat, yatsu kawai a waje, shi kuma yana ba mai tura gadon labarin farashin shanu. Ya ce mini ya ji ƙarar abin huda ƙashi kamar a shagon kafinta, har ya tambaye su ko ƙofa suke haɗawa.

Washegari ya tayar da rigima sai an sallame shi. Muka sayi kujerar baya gaba ɗaya a motar Gumel, ya miƙe ƙafar a kan cinyata. Gidana za mu sauka, don ya fi kusa da inda za a riƙa wanke raunin. Tun a tasha na ɓare ƙwayoyin na miƙa masa da ruwa.

Ya ce, "Na mene ne?"

"Likita ta ce ka fara sha tun yanzu."

"Lafiyayye ke shan magani? Ajiye wa kanka, ko ƙaya za ta soke ka a hanya."

Duk ramin da mota ta faɗa sai direba ya waiwayo ya ce sannu Baba, shi kuwa ya ce, "Taka motarka, yaro, ba ƙwai ka ɗauko ba." Fasinjojin gaba suna ta mamaki. Na sake miƙa maganin a hanya, ya ture. Na karanta masa abin da likita ta ce, kalma bayan kalma. Ya ce ita yarinya ce, da jikin mutanen birni ta saba. A nan na lura da wani abu: mutumin ya fara mantawa da allurar. Tun yana cewa maganin yarinyar nan yana da kyau, har ya koma cewa shi dama jikinsa haka yake. Malamai sun ce abin da ke kan mai nasiha shi ne isarwa. Na isar. Na mayar da ƙwayoyin aljihu.

Na shimfiɗa masa katifa a zaure, na tara matasai a ƙarƙashin ƙafar. Kafin azahar labari ya zaga. Bayan an idar da sallah sai ga 'yan dubiya: dillalan Maigatari mota guda, dangi daga Ɗanzomo, da maƙwabtana. Zaure ya cika har waje, takalma sun yi tsibi a ƙofa. Kowa ya shigo ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi, kuma a ranar, karo na farko a tarihin dubiya, gaskiya ake faɗa.

Sai ya fara ba da labari. Ya ce an ce za a sa shi barci ya ƙi. Gaskiya ne. Ya ce idonsa biyu aka tsaga ƙafar, yana ji ana huda ƙashi ana ɗaura ƙarfe. Gaskiya ne. Ya ce tun da aka fito da shi ko ƙwaya ɗaya bai haɗiya ba, ga bawansa nan a tambaye shi. Aka dube ni, na ce haka ne. Allurar bayan gwiwa ce kawai ba ta samu shiga labarin ba. Wani dattijo cikin dillalan, wanda suke ji da maganarsa, ya riƙe haɓa ya ce, "Maza sun ƙare, saura kai." Kalma ɗaya zan faɗa labarin ya rushe, amma na ga ba sai na wahalar da kaina ba. Na zauna kusa da shi ina kallon yatsu.

Sai dattijon ya ce, "Kai kuwa yi mana ihun nan na Malam mana, mu kwatanta."

Ya yi. A zaurena, a kan katifata, ƙafarsa a kan matasaina. Ya maƙe murya ya ce, "Wayyo Inna, za su kashe ni, Inna ki zo da zani!" Zancen zani ƙari ne na wannan shekarar. Aka fashe da dariya, har da masu leƙe ta taga.

Dariyar ba ta gama kwantawa ba na ga babban yatsan ya motsa.

Na ga ya dube shi. Ya ɗauke kai ya ci gaba da magana, ya sake dubawa. Can sai labarin ya fara tsinkewa, yana fara zance ya bar shi a hanya. Gumi ya tsatso masa a goshi, ga shi kuwa an yi ruwa da safe, gari da sanyi. Wani ya shigo a makare ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi, amma ta tsakanin haƙora ta fito. Na zaro ƙwayoyin a ɓoye na tura su ƙarƙashin hannunsa. Ya dube su, ya dubi mutanen da ya gama gaya wa bai sha komai ba, ya ture su ƙarƙashin katifa.

Ranar da na yi shekaru ina jira ke nan ta zo, da shaidu cike da zaure, ba wanda na gayyata. Ina zaune ina ganin leɓensa yana rawa. Na san abin da ke tahowa, don na taɓa jin sa yana hawowa a maƙogwarona. Sai na ji abin bai yi mini daɗin da na zata ba. Tsoho ne, ga furfura, ba shi da komai sai wannan suna. Na matsa kusa da shi, ban san ma me zan yi ba, wataƙila in ce jama'a a ba shi wuri ya huta.

Ban kai ga buɗe baki ba ya cafke hannuna na hagu, daidai inda aka ɗora, ya matse da ƙarfin mutumin da ya yi rayuwarsa yana kayar da bijimai. Wurin nan dama ko sanyi aka yi sai ya yi mini tsami. Na ji kamar an sake karya shi. Bakina ya buɗe da kansa.

"Wayyo Allah, hannuna!"

A ƙarƙashin ihuna akwai wani nishi mai tsawo, mai kauri, irin na bijimi in an danne shi. Ba nawa ba ne. Ni kaɗai na ji shi, don kunnena yana kusa da bakinsa. Sauran jama'a nawa suka ji. Zaure ya kece da dariya, wani har da faɗuwa a kan na kusa da shi. Dattijon yana share hawaye ya ce, "Malam, kai da ba a taɓa ba! Shi aka yanka, kai ke ihu?" Suka ɗauka wasa ne irin namu. Allah Ya taimaka aka kira la'asar, suka tashi suna neman takalma suna maimaita "hannuna, hannuna". Na ce su yi gaba, zan gyara wa mara lafiya kwanciya.

Da ƙarar takalmi ta yi nisa ya ce, "Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Da sakata."

Na sa sakata. Ya jawo matashi ɗaya ya danna a fuskarsa, sannan ya saki ihun. Ban taɓa jin irinsa ba. Ya kira Allah, ya kira Manzo, ya kira mahaifiyarsa da Fillanci, wadda ta rasu tun muna samari. Ya ce wuta ce, ya ce a cire ƙafar a jefar. Na lalubo ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa, ya haɗiye su kamar mai buɗa-baki. Na kira likitar a waya. Ban gama bayani ba ta ce, "Bai sha ba ko?" Na ce bai sha ba. Ta ce in taɓa yatsun, da ɗumi? Na ce da ɗumi. Sun yi baƙi ko sun kumbura fiye da jiya? Na ce a'a. Ta ce to in ƙara masa ɗaya daga cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ta haɗo mini da su, in ƙara ɗaga ƙafar, in kuwa bai lafa ba zuwa magariba, ko yatsun suka yi sanyi, in kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jira ba. Ta ce maganin da aka sha bayan ciwo ya shigo yana daɗewa kafin ya kama, sai haƙuri. Ta ce, "A gaishe da Baba, a ce ya jiki."

Na ce masa likita ta ce ya jiki.

Ya ɗaga matashin ya ce, "Ka ce mata babu sauƙi."

Yana ta juyi yana neman buga ƙafar da bango, dole na hau na danne shi da ƙirjina, ina karanta masa abin da ya sawwaƙa. Mun daɗe a haka. Na yi la'asar a makare a gefen katifarsa. Wajen faɗuwar rana ya lafa, barci ya ɗauke shi. Daga ranar ba a sake tuna masa lokacin magani ba, shi ke tashina.

Ya yi makonni a gidana. Ban gaya wa kowa ba, ko mai ɗakina, ko da yake ina zaton bangon zaure bai kai kaurin da muke tsammani ba. A gari kuwa labari ya samu ƙari: yanzu ihuna biyu ne, na ɗori da na dubiya. Yara suna ganina su riƙe hannu. Na je bin bashi na dawo da wani a kaina.

Da aka cire ɗaurin ya fara takawa da sanda, na raka shi Maigatari wata Alhamis, don ya gaisa da mutane. Aka yi masa shimfiɗa a rumfar dillalai, aka kewaye shi. Ba a daɗe ba dattijon nan ya ce a yi musu na Malam, sabon.

Taubashina ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya ce, "Ku saurara. Ranar nan allura aka yi mini a bayan gwiwa, ita ta riƙe ni. Ko jariri aka yi wa ba zai yi kuka ba. Da ta saki, kuna fita sallah na yi ihun da ya fi na bawana sau goma. Har uwata na kira. Shi ya danne ni."

Sai dattijon ya girgiza kai ya ce, "Kun gani? Ga jarumta, ga tawali'u. Don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri ya ɗora wa kansa raki." Jama'a suka ce wallahi haka ne, halin manya ke nan. Taubashina ya rantse. Suka ce kada ya yi kaffara a banza. Ya ce a tambaye ni. Dattijon ya ce, "Malam ai dole ya ce e." Kafin a tashi sunansa ya ƙaru, nawa kuwa yana inda yake.

Da yamma muka fito bakin hanya muna jiran mota, mu biyu a kan wani benci, ba kowa kusa sai awaki.

Ya ce, "Ka ga dai na biya, sun ƙi karɓa."

Na ce, "Ba su ke bin ka ba, ɗan daji."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya ce, "To karɓi abinka. Yi."

"In yi me?"

"Kwaikwaye ni. Sau ɗaya. Daga yau ni ma na ajiye naka."

Na gyara murya. Na naɗe babbar rigata na danna a fuska a madadin matashi, na yi nishinsa, na kira Inna da Fillancina na ɗan mace, na karkaɗa ƙafa, na ce a cire a jefar. Awakin suka watse. Da na sauke rigar na same shi yana kallona da raini.

Ya ce, "Shekara nawa kana jira, abin da ka iya ke nan? Ai na fi haka. Ka bar inda na ce wuta."

Na sake yi, da wutar.

Ya ce, "Yanzu ka yi. Shi ke nan, ba ka bi na, ba na bin ka. Miƙo mini sandar, ga mota can."